Tabarmar Konseye a Bakin Rijiya

"Baba, kai ne konseyen da Inna ta ce ba ka da aiki sai cin naman suna?"

Kadija ce ta yi tambayar, yarinyar da ko haƙori ba ta fara famfara ba, tana tsaye gaban Konseye Mamani a zauren gidan da ake suna. Mazan da ke kan tabarma suka ɗaga kai suna duban azara kamar yau suka fara ganinta. Uwar yarinyar, Hamdiya, ta zo miƙa ƙwaryar fura daga bakin ƙofa ke nan, ta ji kamar ta nutse da ita da ƙwaryar.

Mamani ya ƙarasa lomarsa tukuna. Mutum ne mai tumbi da saurin dariya, shi unguwa ta zaɓa ya wakilce ta a majalisar meri, wato hukumar gari, ta Dakoro, kuma gaskiya ba a suna ko ɗaurin aure ko zaman makoki ba a ga baburinsa jingine a ƙofa ba. Ya ce wa yarinyar Innarta ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta manta da furar. Zaure ya ɗauki dariya, Hamdiya ta aje ƙwarya ta yi cikin gida.

Washegari Mamani ya same ta a layin pampo, cikin mata, ya gaida kowa, sannan ya ce ya zo jin laifinsa ne daga bakin mai ƙara. Hamdiya ta ja mayafi, ta ga babu hanyar gudu, sai ta faɗa masa.

Akwai tsohuwar rijiya bayan unguwa, kan hanyar da yara ke bi zuwa lakwal, makarantar boko. Ta ƙafe tun ba a haifi Hamdiya ba, ba ta da baki, daidai take da ƙasa, ƙayar da aka jera mata kuwa awaki sun janye. Yara sukan kwanta rub da ciki su jefa dutse su saurari faɗuwarsa, kuma ita Hamdiya ta taɓa iske Kadija kwance a wurin, rabin kanta a ciki. Tun ranar Hamdiya ba ta daka hatsi ta gama ba ta leƙa ta katanga ba.

Rijiyar ta Baba Abarci ce, surukinta. Mahaifinsa ya haƙa ta, kuma tsohon ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa ta, don ya san halin meri, yashi za su zuba su binne sunan ubansa. Hamdiya ba ta iya buɗe baki gaban suruki. Ga shi kuma Kadija ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ta faɗi, sai dai "yarinyar nan", balle ta tsaya gaban manya tana nuna damuwa a kanta. Mijinta Sa'adu yakan ɗauki alkawarin yi wa tsohon magana, da ya zauna gabansa sai zancen ya koma na tumaki.

Mamani ya sosa ƙeya. Ya ce rijiyar tana cikin filin mutum, meri ba ta taɓa ta sai da yardar mai ita, shi kuwa Baba Abarci ya taɓa zane shi da tsumagiya yana yaro, har yau in ya ji gyaran muryarsa yakan gyara hula.

"Amma tunda zama na iya," in ji shi, "bari in gwada zaman."

Bayan sallar la'asar ya sanar a masallaci cewa daga yau mai neman konseye ya same shi gindin aduwar da ke bakin rijiyar Abarci. Can ya kai tabarma da butar shayi. Mutane suka bi shi da koke-kokensu: wanda shanu suka shiga wa gona, makiyayin da aka nome wa burtali, matan da pamponsu ke tsiyaya, da wani dattijo da ke zuwa kullum ya kawo ƙarar jakin maƙwabcinsa. Duk wanda ya iso sai ya leƙa ramin, ya ja da baya yana salati. Mamani bai taɓa cewa a rufe ba. Sai ma ya aika a gaya wa Baba Abarci jama'a na son jin tarihin rijiyar, kuma ba wanda ya san shi sai shi.

Tsohon ya zo da sandarsa da sabon rawani. Ya ba da labarin yadda garken shanu ke tahowa tun daga Korahane su sha su ƙoshi, yadda igiyar guga ke gajiyar da raƙumi. Kullum rijiyar sai ƙara zurfi take a bakinsa. Hamdiya tana hange ta katanga tana cizon yatsa. Ita dai abin da ta gani, konseye ya bar nama ya koma shayi, tsoho ya ƙara son rijiyarsa, yara kuma sun ƙara yawa a wurin saboda ragowar sukari.

Wata yamma ta dawo daga injin niƙa da kwanon gari a kai, Kadija na biye da ita. Mazan tabarma sun duƙufa kan shari'ar jakin nan. Yarinyar ta hango kakanta, wanda ke kiran ta amaryarsa yana ɓoye mata dabino a aljihu, sai ta sheƙa a guje wurinsa. Shi yana wancan gefe, rijiyar tana tsakani, ita kuwa aljihun kawai take kallo.

"Kadija!"

Muryar ta fita tun kafin Hamdiya ta san ta buɗe baki. Yarinyar ta ci burki, don ba ta taɓa jin wannan suna daga wannan baki ba. Yashin da ƙafarta ta tura ya zuba cikin ramin, kuma ba wanda ya ji saukarsa. Mamani, da tumbinsa da komai, ya yi tsalle ya damƙe mata riga. Gari ya watse a ƙasa, kaji suka taru.

Kadija ta waiwayo ta ce, "Inna, ashe kin san sunana?"

Ba wanda ya yi dariya. Baba Abarci ya dubi surukarsa, wadda tun da aka kawo ta bai ji ta ɗaga murya ba, ga ta tsaye gaban maza ba kwano ba kunya. Ya jawo jikarsa ya riƙe ta da ƙarfi har ta ce yana matse mata hannu. Sannan ya juya ga konseye.

"Mamani, rijiyar nan ba za a cike ta ba."

"Wa ya ce cikewa, Baba? Baki za a gina mata, a aza murfi, a zana sunan mahaifinku a siminti."

"To mi ya hana ka faɗa tun farko?"

"Tsumagiyarku, Baba. Kuma ban gama jin tarihi ba."

Meri ta ba da siminti, mazan tabarma suka yi gayya, har mai ƙarar jaki ya aro jakin da yake ƙara ya ɗebo yashi. Ranar da aka aza murfi Baba Abarci ya yanka bunsuru. Hamdiya ta zaɓi cinya ta sa a kwano, ta ce, "Ke yarinyar nan, kai wa konseye, ki aje ki dawo, kada ki ce masa komai."

Ke da kike karanta wannan, da kai ma, ku zagaya bayan gidanku yau tun rana ba ta faɗi ba. In akwai rami buɗe, kada ku dogara da ƙaya, kada ku jira konseye ya kawo tabarma, kuma kada kunyar kowa ta rufe muku baki. Ba kowane yaro ke tsayawa in an kira shi ba.