Kujerar Mai Zane

Likita bai ɓoye musu komai ba. Idon matar na hagu ya riga ya tafi, na dama za a yi wa aiki gobe da safe, kuma aikin yana iya yin kyau, yana iya ƙi. Ya ce su koma masauki ta huta. Direba ya kama maganar hutu ya riƙe. Matarsa kuwa ɗayar maganar ce ta zauna mata.

Direba ake ce masa har yau, ko da yake ya daɗe da ajiye tuƙin babbar mota. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana ratsa garuruwa, wannan birnin ma ya sha ratsa shi, amma in ka tambaye shi abin da ke ciki, gidajen mai zai lissafa maka da wuraren faci. Irinsa suna da yawa: sun je ko'ina, ba su ga komai ba. Ba mugu ba ne. Gaggawa ce ta cinye shi, ko shayi a tsaye yake sha.

Suna fitowa ƙofar asibiti ya ɗaga hannu zai tare tasi zuwa gidan 'yar ƙanwarsa, inda suka sauka. Matar ta sauke masa hannun. Ta ce 'yar ƙanwar tasa ta ba ta labarin wata unguwa bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda masu zane suka tare, ko bango ba su bari ba, kuma can take son zuwa. Ya ce likita ya ce hutu. Ta ce kwanciya ba inda za ta, tana nan tana jiran ta. Ya ce mutanen kirki ba sa zuwa kallon aikin marasa aikin yi.

"Malam, yau ina gani," ta ce. "Gobe ban sani ba."

Ya karɓi jakarta ya rataya, ya gaya wa mai tasi tsohuwar tasha, fuska a ɗaure kamar an aike shi dole.

Unguwar tsofaffin rumbunan ajiye kaya ce, masu dogayen ƙofofin ƙarfe. A bango na farko an zana wani ƙaton kifi, tagogin ginin suka zama ɓawon jikinsa. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa siminti, ta karkata kai don idon dama ya samu, ta bi kifin daga wutsiya zuwa baki tana tafiya a hankali. Direba yana baya da jaka, yana cewa da bangonsa ne da sai wanda ya ɓata ya zo da soso da bokiti.

Can sama idonta bai kai ba, sai ta tambaye shi launin da ke bayan kifin. Ya ce shuɗi. Ta ce wane shuɗin? Ya ce shuɗi ai shuɗi ne. Ta ce irin na tsohuwar ƙofar ɗakinsu, ko irin na kayan makarantar autarsu? Dole ya ɗaga kai ya duba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ya fi na ƙofar duhu, amma daga gefe yana komawa kamar na autar. Ta ce to, haka ake amsa tambaya.

Suka shiga wani ɗakin nuni mai fararen bangaye da sanyi, inda takalmi ke ƙara. An ja igiya gaban zane-zanen. Matar ta manta da igiyar, ta sunkuya kan wani zanen mata masu shanya a rufin bene. Wata budurwa mai kula da wurin ta zo da ladabi ta ce Mama ta ɗan ja baya. Direba ya taso kamar an taka shi. Ya ce baiwar Allah da ido ɗaya ya rage mata, shi ma gobe za a sa masa wuƙa, daga nesa me za ta gani, katakon gefen zanen? Matar ta ja rigarsa ta ce ya daina tallar ta a gaban mutane. Budurwar ta cire igiyar, ta kawo kujera, ta roƙi kawai kada a taɓa. Har yau akwai yara masu tarbiyya, duk abin da ake faɗa.

A tsakar ɗakin akwai jimina da aka ƙera da tarkacen ƙarfe. Nan ne kaɗai Direba ya tsaya don kansa. Ya zagaya ta, ya ce wuyanta salansar mota ce, ƙafafun sifirin mota, fukafukan kuma sarƙar babur. Ya ce sifirin ɗin ma da sauransa, an yi asarar kaya. Amma ya sake zagayawa, ya ce ko wane ne ya yi waldar, hannunsa ya faɗa. Matar ta ce ashe marasa aikin yin sun iya aiki. Ya ce ɗaya daga ciki.

Da suka fito rana ta yi sanyi. Ya ce to an gani, a tafi. Ta ce saura abu ɗaya.

A bakin wani fili, ƙarƙashin bishiya, wani dattijo ya kafa allo da kujeru biyu yana zana fuskokin masu wucewa da gawayi. Yatsunsa sun yi baƙi har farce. Ta ce zane take so. Direba ya yi tsaki ya ce ta zauna a yi a gama. Ta ce ba ita ba, shi. Ya ce yana da hoto a jikin lasinsa, ya ishe shi. Ta ce wancan hoton ko ɗan sanda tsoronsa yake ji. Mai zane ya yi dariya, ya kakkaɓe kujera, ya ce ranka ya daɗe a zauna, ba zafi.

Ya zauna a bakin kujerar, jaka a cinya, ƙafa ɗaya tana rawa. Mai zane ya ce sharaɗin biyu ne: ba motsi, kuma a kafa ido wuri guda. Direba ya tambaya ina. Kafin a ba shi amsa matar ta jawo ɗaya kujerar ta ajiye dab da gabansa, ta zauna, ta karkata kai yadda ta yi wa kifin. Mai zane ya gyara allonsa gefe don ya samu hanya, ya ce to, ga wuri nan ya samu.

Namiji zai zauna da mace har furfura, ya ciyar, ya tufatar, ya kai asibiti, amma bai taɓa zama wuri ɗaya ta dube shi ta ƙoshi ba. Yana ganin ya sauke hakki. Bai sauke duka ba.

Gawayi ya fara ƙara a kan takarda. Ta bi goshinsa da ido, ta sauko. Ta ce ashe girarsa ta dama ta fi ta hagu gashi. Ya ce a bar shi. Mai zane ya ce ba magana da yawa, baki yana motsi. Ta ce shi aka hana, ba ita ba, ta daɗe tana jiran irin wannan ranar.

Ta kai yatsa kusa da kunnensa, ba ta taɓa ba.

"Wannan tabon fa, na yaushe ne?"

"Murfin inji ne ya faɗo min. An daɗe."

"Ba ka taɓa faɗa min ba."

"Kina da cikin babbanmu a lokacin. Me zan faɗa miki?"

Ƙafarsa ta daina rawa. Bai taɓa ganin idon daman nan kusa haka ba: ruwan ƙasa ne, da wani farin hazo da ya fara cin gefensa, yana ta kai da komo a kan fuskarsa kamar mai kwashe kaya kafin ruwa ya sauko. Sai a lokacin ya gane abin da ya kawo su kujerar nan, kuma ba takarda ba ce. Ya ɗan matso da fuskarsa gare ta. Mai zane ya gani, bai ce a daina motsi ba.

Da aka jima dattijon ya hure takardar, ya juyo da allon, ya ce an gama. Matar ba ta waiwaya ba. Direba ya saci kallon zanen da wutsiyar ido. Shi ne sak, har taurin kan.

"Kunnen nan ba nawa ba ne," ya ce. "Hancin ma da gyara."

Mai zane ya buɗe baki zai yi musu, ya dubi matar, ya rufe. Ya ɗauki sabon gawayi.

"Bi a hankali, malam," in ji Direba. "Ba inda za mu."

Ya gyara zama har bayansa ya taɓa kujerar, ya ajiye jakar a ƙasa, ya mayar mata da fuskarsa.