Famfon Sama a Paikon Kore

Injiniya Murja ce ta amince da zanen, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ɗalibanta na ajin ƙarshe sun gina wa mutanen Paikon Kore rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, a darasinsu na hidimar al'umma. Suka ɗaga bututan sama, yadda mace za ta tsaya a ƙarƙashi da daro a ka, ya cika, ta wuce ba sai ta nemi mai ɗora mata ba. Kowa a sashen ya yaba.

Bayan wata shida ta koma ƙauyen don ta rubuta rahoton tasirin aikin. Ta tarar wurin ya zama caɓi. Wata dattijuwa, Mama Justina, na tsaye da ƙwarya a kafaɗa, ruwa na dukan kunnenta, rabi a ƙwarya rabi a zani.

"Sannu, Mama. Me ya hana ki ɗora a ka?"

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "A ka? 'Yata, ina kika taɓa ganin matar Gbagyi da kaya a ka? Mu kafaɗa muka gada."

"Ba ku gaya wa ɗaliban ba?"

"Sun tambaye mu? Mai gari suka tambaya, suka ɗauki hoto da shi. Mai gari yana ɗebo ruwa ne?"

"Sauran mata fa?"

"Suna rafi. Rafi ba ya yi wa mutum wankan dole."

Washegari shugaban sashe, Farfesa Abdulmajeed, ya miƙo mata rahoto an riga an buga. An raba wa ɗalibai takardar tambayoyi, kusan dukkansu sun ce aikin ya ƙara musu tausayin talaka.

"Sa hannunki kawai ya rage," in ji shi. "Ranar Alhamis kwamiti zai amince a maimaita zanen a ƙauyuka goma sha ɗaya."

Ta ambaci sunan Allah a ranta kafin ta buɗe baki. "Ranka ya daɗe, mace nawa aka tambaya a ƙauyen?"

"Darasi muke aunawa, Injiniya, ba ƙauye ba. Ruwa yana fitowa ko ba ya fitowa?"

"Yana fitowa a kunnen mutane! Mun yaye injiniyoyi talatin, ba wanda ya tsaya minti biyar ya kalli yadda mace ke ɗaukar ruwa. Ni ma ban kalla ba. Yanzu kuma mu ba su shaidar tausayi?"

Ya cire tabarau. "In kika rubuta haka, rufe shirin za a yi. Ke kika yi shekara huɗu kina fafutukar kafa shi."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta ajiye rahoton a teburinsa, ta mayar da biro cikin jaka.

"Zan rubuta nawa. Ranar Alhamis in karanta musu da bakina."

"Ba a gayyace ki zaman ba."

"To, za su same ni a bakin ƙofa."