Dardumar da Na Kai wa Wale

Ranar da Wale, maƙwabcina a Badariya, ya baje kayan gidansa a ƙofar gida yana sayarwa don zai koma garinsu, ni na fi kowa tsegumi. Na ce wa matata Humaira, dubi mutum da girmansa ya fito da tukwanensa titi. Mu idan abu ya matse, dillaliya ake kira, ta ɓoye kaya cikin lulluɓi ta fita, ba wanda ya ji.

Sai dai wata ya yi nisa, babur ɗina kwana tara yana wurin makanike, dillaliyar unguwarmu kuma bakinta ya fi rediyo. Da Humaira ta shiga wanka, sai na naɗe dardumar da mahaifinta, Alhaji Hodi, ya kawo mini tsaraba daga Makka, na bi ta bayan gida.

"Wale, sa wannan cikin kayanka. In an tambaya, taka ce."

Ya dubi hoton masallacin da ke jikinta, ya dube ni. "Maƙwabci, shekara ashirin kana ganina ina tafiya coci."

"Ka ce kyauta aka ba ka."

"To, Allah ya kawo kasuwa," in ji shi, ya shimfiɗa ta tsakanin fanka da dutsen guga.

Allah kuwa ya kawo. Bayan azahar Wale ya leƙo ta katanga ya miƙo mini kuɗi. "Wani dattijo ne. Ko tayawa bai yi ba, abin da na faɗa ya biya."

Ina cikin yi wa dattijon dariyar rashin iya ciniki, na ji sallama a zaure. Surukina ne, daga Argungu, ba aike ba waya, da darduma a hammata. Na durƙusa na gaishe shi, kuɗinsa na motsi a aljihuna.

"Abdussamadu," ya ce, "nig ga taro ƙohwar maƙwabcinku, nit tsaya. Sai ga irin wadda nik kawo maka. Nic ce bari ka samu biyu."

"Allah ya ƙara girma, Baba."

Humaira, da ba ta san komai ba, ta ce cikin murna, "Bari in ɗauko waccan a gwada su."

"Bar ta, ɗiyata," ya ce da sauri. "Kayan Makka ba su son yawan ɗagawa."

Ban taɓa jin wannan hukunci a wurin wani malami ba, amma ban nemi hujja ba.

Ya warware dardumar ya shimfiɗa. A gefen dama akwai ɗan tabon ƙuna, inda maganin sauro ya faɗa mata bara, ranar da ya kwana gidanmu. Shi da kansa ya kashe wutar da yatsa. Ya ɗora babban yatsansa daidai kan tabon, ya rufe shi, ya ci gaba da ba Humaira labarin shinkafar fadama da tsadar taki. Har ya gama cin abinci yatsan nan bai gusa ba.

Da la'asar ya ce in ja mu salla. Na ja, a kanta, idona na kan tabon.

Da na raka shi bakin titi sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe direba za ya kawo buhun shinkahwa guda. Ta yi muna yawa bana." Ya buɗe ƙofar mota, ya ɗan tsaya. "Wagga darduma kuwa, a aje ta ɗakin Humaira."

Wale na ɗaure sauran kayansa lokacin da na dawo. Ya ɗago hannu. "Maƙwabci, akwai wani abin da zan ce nawa ne?"

Na shige gida na rufe ƙofa.