Waƙafi a Kan Gada

Ranar Talata Wilmer ya je ofishin malamarsu Injiniya Tórrez ya roƙi a cire Nélida Apaza daga rukuninsu, wai kukan 'yarta yana raba musu hankali. A bakin mai sayar da salteña, wato burodi mai nama a ciki, a ƙofar jami'ar garin El Alto Nélida ta ji labarin. A ajin lissafin gine-gine kuwa ba a samun maki sai a rukuni, duk wanda ya rasa rukuni sai ya maimaita shekara. Malamar ta ce sai bayan aikin Alhamis za ta yanke hukunci.

Ran Alhamis Nélida ta shigo goye da 'yarta Wara, ta riga kowa zama. Kati uku malamar kan ajiye a kowane teburi: mai lissafi, mai rubutu, mai musu. Ba ta karɓar takarda sai duka ukun sun sa hannu. Tun farkon zango katin rubutu ake tura wa Nélida. Yau hannunta ya sauka a kan na musu.

"Uwar Wara, kin yi ɓatan kai," in ji Edson, na ukunsu, yana dariya.

"Idona biyu, malam. Ɗauki biro."

Aikin na gadar ƙafa ne, an kwafo shi daga wani littafin Amurka: nauyin da za ta ɗauka kilo 1,250. Wilmer ya danna na'urarsa ta lissafi, cikin minti goma ya gama, ya turo takarda.

"Sa hannu, hajjaju, kafin sarauniya ta farka."

Nélida ta duba amsar. Ƙarfen da ya fitar bai kai kaurin fensir ba.

"Kilo nawa ka sa?"

"Ɗaya da kwata. Ga waƙafi nan, ko shi ma sai na karanta miki?"

"Gada mai ɗaukar kilo ɗaya da kwata? Jiya aka auna yarinyar nan a asibiti, kilo bakwai. Ko takalminka gadar nan ba ta ɗauka. Mu nan El Alto ne waƙafi ke nuna ɓurɓushin lamba. Masu littafin nan dubu suke rabawa da shi."

"Saura minti goma sha biyar!" in ji Wilmer.

"To ka hanzarta. Ba na sa sunana a gadar da ba zan bi da 'yata ba."

Edson ya janye takardar a hankali ya yage. Suka sake daga farko, Wara ta farka tana tsala kuka, Nélida na jijjiga ta tana bin kowane layi da yatsa.

Da Injiniya Tórrez ta zo karɓa, ta dubi Wilmer. "Maganarmu ta Talata fa?"

Nélida ta riga shi. "Injiniya, ni dai ba inda za ni. In kuka ya dame shi, rukuni na shida suna neman mutum."

Wilmer ya sosa ƙeya. "A bar ta kawai," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ba barina aka yi ba," in ji Nélida, ta ja biro ta sa hannu.