Kujerar Dama

Zeinabu na durƙushe cikin motar, tana cusa audugar rimi a bayan kujera, sa'ad da Yacuba makanike ya rungumo Alfari daga ɗaki ya kwantar da shi bisa tabarma a gindin mangwaro.

Motar ja ce, gajera, ba rufi, kujera biyu tak. Wani Baturen duwan, wato kwastan, shi ya bar wa Alfari ita shekarar da aka samu 'yancin kai, ladan shekara ashirin da ya yi yana tuƙa shi. Shekara uku ke nan tana tsakar gidansa a Gaya, ɓeraye sun cinye kujerun har ƙarafa sun fito. Shi ma mai ita ciwon ƙirji ya cinye shi. Ba mata, ba ɗa. Abu guda ya rage masa: ya cika a Bengou, a ɗakin da aka yanke masa cibiya. Amma hanyar duk gargada ce, kuma likita ya ce ƙashin nan ba zai jure ƙarfe ba.

Katanga ce kawai tsakaninsa da su Zeinabu. Ita ke koyar da 'yan mata a lakwal, makarantar boko, ta kuma iya keken ɗinki. Matan unguwa suna cewa boko ya taɓa ta, budurwa tana wuni cikin mota kamar ƙaton gareji. Ba ta taɓa tanka musu ba. Ta auna kujerar da igiya, ta zana a tsohuwar jarida, ta yanka gwadon da Alfari ya ba ta. Gwadon na kujera ɗaya ne, ba ya isa biyu.

"Duba, Baba," in ji ta. "Taushi kamar cinyar uwa. Gobe da hantsi kana Bengou."

Alfari ya ɗaga kai da ƙyar. Ya daɗe yana kallo.

"'Yar lakwal, wace kujera kika ɗinka?"

"Ta dama."

"Abin tuƙi fa, yana wane gefe?"

Yacuba ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma.

"Yacuba ne zai ja, Baba. Ko kofi ba ka iya riƙewa."

"Wato kun gama shawara." Tari ya sarƙe shi, suka jira. "Shekara ashirin ina kai mutane inda suke so. Ban taɓa shiga garinmu da motar kaina ba. Yanzu a shiga da ni kamar buhun gero?"

"Ka ga dama ka mutu a Gaya, to," in ji Zeinabu.

"Na ga dama, ɗiyata."

Ya juya fuska wajen katanga.

Ta san ba zai iya taka komai ba. Ta san ko ƙofar gari ba zai kai ba. Duk da haka ta ɗauko reza ta fara farke ɗinkin, zare bayan zare. Kujerar hagu ba ɗaya take da ta dama ba, tata lanƙwasar daban, kuma abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Ta yage sabon zanenta ta yi maho. Uwarta Balki ta leƙo ta katanga.

"Wanda Allah ya kira, ina ruwansa da kujera? Kina cinye masa kwanaki ne kawai."

"Kwanakinsa ne, Inna. Shi ya zaɓa."

Ta faɗa da ƙarfi, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Allurar keke ta karye a gwadon, ta koma ɗinki da hannu. Yatsunta suka fashe.

Ranar Alhamis da azahar saura gefe guda. Yacuba ya riga ya zuba wa motar man isansi, ya share gilashi. Daga tabarma Alfari ya ce, "Kin kusa?"

"Taƙi ɗaya ya rage."

"Kar ki cika audugar. Direba ba ya son taushi, barci yake sa shi."

Ta zare kaɗan, ta ɗago za ta nuna masa. Idonsa na kan motar, amma ba ya kallonta.

Zafin bazara ba ya jira, Bengou kuma da nisa. Kafin magariba aka kai shi makwancinsa a Gaya, bayan kasuwar dabbobi.

Da maza suka fita da makara, gidan ya yi tsit. Zeinabu ta koma cikin motar, ta zura zare, ta ƙarasa taƙin nan ɗaya, ta cije zaren da haƙori. Wani ganyen mangwaro ya faɗo bisa kujerar, ta bar shi a wurin.