Tafin Hannu a Jikin Ƙarfe

…kuma ai na faɗa maka. Alminiyam, na ce. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, ba ya neman fenti. Ka ture gilashin walda zuwa goshinka, ka dube ni kamar na ce mu lulluɓe ta da takardar jarida. "To, Injiniya, yau kuma a wane littafin aka gano?"

Samfefa ta huɗu ke nan tun safe, ina kankare tsatsa da ita. Hannuna yana tafiya shi kaɗai, gaba, baya, gaba. Jar ƙura a gwiwata, a bakin zanena, har cikin haƙorana. Ba na jin gajiya. Ba na jin komai ma, in gaskiya kake so.

Ɗan ɗaki mai taya biyu. 'Yar tirelar da motarmu za ta ja, gabanta a kumbure, bayanta ya tsuke. Katifa ɗaya, taga ɗaya, ƙofar da sai an sunkuya. Ka gan ta a hoto a waya, ka hana ni barci sati guda da lissafin inci. Mu tafi ina? Ko'ina, ka ce. Inda ba mai buga mana ƙofa ya ce ƙyauren shagonsa ya ɓalle.

"Ƙarfe na sani, shi ma ya san ni. In ya lotsa in buge shi, in ya tsage in yi masa walda a gefen hanya. Wancan naki sai an bi shi da ƙusa ɗari, kamar ana jera wa riga maɓalli."

Nauyin fa? Motar da ko mu biyu ta ɗauka sai ta yi nishi a kan tudu?

"Sai ki sauka ki tura. Motsa jiki ne."

Na yi dariya kuwa? Ina jin na yi. Ba na iya tuna yadda ake fara ta.

Rufin na gama. Bayan na gama. Gefen dama fes, har ina ganin inuwar fuskata, wata mata mai ɗankwali a karkace. Saura nan. Gefen hagu, dab da ƙofa, wurin da bai fi faɗin faranti ba. Tun ɗazu nake zagaye shi kamar mai shara da ta tarar da jariri yana barci a tsakar ɗaki.

Shatin tafin hannunka, yatsu biyar. Ja, ja mai duhu. Ga ɗan ƙaramin a karkace, wanda guduma ta samu tun kana koyon aiki. Ga layin tabon da ya ratsa tafin, nan tsatsar ba ta kama ba, fari ne siriri…

Ranar ka lanƙwasa falle na ƙarshe. Rigarka sharkaf. Ka miƙe, ka dafa nan da hannun hagu, ka daɗe. Me ya faru? "Ba komai, kaina ne ya ɗan juya. Asabar za mu yi fenti, shuɗin nan naki." Ina riƙe da kofin ruwa. Kofin yana ina yanzu? Kwana uku a asibiti, injin yana ƙiftawa, ma'aikaciyar jinya tana cewa in je in ci abinci. Ba ka tashi ba. Asabar ta zo. Ta zo ta wuce abinta, ko kunya.

Wata bakwai tamfol yana kan tirelar. Shekaranjiya Yaya ya yaye shi, yayanka mai fenti, ya ga shatin, ya cire hula, ya mayar. "Gishirin gumi ne, ƙanwata. Ɗanyen ƙarfe haka yake, duk wanda ya taɓa shi sai ya riƙe." Na ce a shafa fentin a kai mana, a bar shatin a ƙarƙashi. Ya girgiza kai. Tsatsa ba ta barci, in ji shi, ta ƙarƙashi za ta ci gaba da ci, shekara ɗaya ta huda. Ko a goge har ƙarfe ya yi fari, ko a bar wa ruwa duka. Rumfar nan kuwa tana yoyo, ka sani, kai ka ce za ka gyara.

Ƙarfe huɗu zai zo da injin feshi. Yanzu ƙarfe nawa? Gabas ta yi baƙi.

Na ɗauki hoton shatin. Sau tara. A waya datti ne kawai, kamar an zubar da shayi.

A yanke wurin, in ajiye a akwati? Sai a bar rami a jikin abin da ka kwashe shekara kana — a'a. Kuma a cikin akwatin ma ci za ta yi ta yi. In bar shi? In zauna ina kallon yatsun suna kumbura, suna haɗewa, su zama tabo, tabon ya zama rami, ruwa ya shiga har kan katifar da ba mu taɓa kwana a kai ba?

Wa zai ja ta ma? Ko tuƙi ban iya ba. Ka ce a hanya za ka koya mini, inda ba abin da zan buge sai iska.

Da ka ji maganata…

Da ka ji maganata da yanzu tana nan tana ƙyalli. Ba tsatsa, ba samfefa, ba Yaya da injinsa. Da ka dafa, ka ɗauke hannu, shi ke nan. Fes. Kamar ba ka taɓa tsayawa a nan ba.

Taurin kanka ne kaɗai ya bar mini wannan.

Ban san lokacin da na ajiye samfefar ba. Tafina yana cikin naka, yatsuna ba su kai gaɓar ƙarshe ba, dama ba su taɓa kaiwa ba. Ƙarfen da ɗumi. Rana ce, na sani, rana ce kawai. Na ɗago — ja a tafina, ɗan ƙaramin yatsanka ya ragu. Ko taɓawa ma gogewa ce. Kuma hannuna jiƙe yake, gumi, gishiri… gobe ke nan nawa zai fito a cikin naka, in an kai goben ba fenti.

Ɗigo ɗaya a kan kwanon rumfa. Na biyu.

Ƙarar mota a ƙofar gida, an kashe. "Ƙanwata, kin gama?"

Samfefar tana ƙasa, kusa da ƙafata. Sunkuyawa kawai zan yi. Sunkuyawa kawai…