Igiyar Wada

Hashimu ne ya ja igiyar Wada, ya nakasa shi. Wada ɗana ne. Hashimu ɗan ƙanena.

Mu mutanen yusur ne, baƙin murjanin da ake yin carbi da shi. Kakanmu ya zo Makka da ƙafa daga ƙasar Kano, ya zauna a unguwar Misfala. Ubana ya sauka Jidda ya koyi nutso a Bahar Maliya. Ni ma na yi, har kunnena ɗaya ya mutu. Sai na dawo gida Misfala ina feƙe carbi, na bar wa samarin ruwa.

Aikin na mutum biyu ne. Jirgi zai tsaya a kan duwatsun murjani, nesa da gaɓa. Ɗaya ya ɗaura igiya a ƙugu, ya cika ƙirji, ya rungumi dutse ya nutse. Ɗaya yana sama riƙe da igiyar. In ta motsa, babu tambaya, ja ne iya ƙarfi, domin numfashin na ƙasa ya ƙare. Haka aka koya mini. Haka na koya wa Hashimu, da mari. Duk jiragen Jidda babu mai saurin hannunsa.

Bayan yaƙin Turawa da wasu shekaru, Abdulganiyyu, rayis, wato shugaban jirginsu, ya sayo tulun iska wurin wani Bature a Bur Sudan. Tulun ƙarfe ne, a goya shi, a sa tiyo a baki, mutum ya yi ta numfashi a cikin ruwa. Na ce da Wada kada ya goya.

Ya ce, "Baba, yusur na sama ya ƙare. Na kirki yana can ƙasa, inda ƙirji ba ya kaiwa."

Ya goya.

Rayis ya faɗa musu da safe: Baturen ya ce mai tulu a hankali yake tasowa, yana tsayawa a hanya, in ba haka ba jikinsa zai mutu. Hashimu ya ji da kunnensa. Wada ya nutse, ya daɗe. Ya samu reshen yusur mai tsayin mutum, ya sare shi, ya girgiza igiya don murna. Hashimu ya fizgo shi kamar guga.

Wada ya fito yana dariya, ya zagi Hashimu, ya sha shayi. Kafin azahar ƙafafunsa suka mutu. A kwance aka kawo mini shi, a bayan motar kifi.

Hashimu bai tako Misfala ba sai da aikin Hajji ya zo. Ranar fita Mina ya shigo da hantsi, cikin harami. Ina zaune da magagari. Wada yana kishingiɗe a tabarma yana huda 'ya'yan carbi, aikin da ya rage masa ke nan.

Hashimu ya yi sallama. Na amsa, domin sallama ta Allah ce.

Wada ya ce, "Wa nake ji? Mai hannun aljanu? Shigo. Ka rame. Kifin Jidda ya ƙare ne?"

Hashimu ya durƙusa a gefen tabarma. "Yaya, gobe Arfa. Ka yafe mini."

"Halas, ya wuce. Tun a jirgi na yafe. Ni na girgiza igiya. Da ba ka ja ba ma, Baba ne zai karya maka hannu."

Wada ya dube ni. Na ci gaba da feƙewa.

Hashimu ya ce, "To zan goya ka. Mina, Arfa, Muzdalifa, duk a bayana."

"In dai a hankali za ka tashi da ni."

Suka yi dariya, Hashimu yana share hawaye da gefen haraminsa. Ta ƙofa ina hango Saudatu, matar Wada, tana shanya shimfiɗarsa. Kullum sai ta wanke ta. Ita da ni muke juya shi, muke ɗaga shi.

Hashimu ya matso gabana a gwiwa.

"Baffa, saura kai. Ba na son in tsaya a Arfa da fushinka a kaina."

"An faɗa maka da safe?"

"An faɗa."

"Ka ji?"

"Na ji, Baffa. Igiya ta motsa, hannuna ya riga ni. Abin da ka koya mini na yi."

"Mai ƙirji na koya maka ja. Ban koya maka jan mai tulu ba."

Ya sunkuyar da kai. A waje raƙuman alhazai suna wucewa, mutane suna ta Labbaika.

Wada ya ajiye abin huda. "Baba, mutum ne cikin harami ya durƙusa maka. Ƙafafuna ne, ni kuwa na yafe."

Na hure ƙurar yusur daga tafin hannuna.

Na ce, "Kai ƙafafunka ne. Ni ɗana ne. Ban yafe ba."